Magungunan ciwon damuwa a asibitin matakin farko: da wanne za a fara?

Yawancin masu fama da ciwon damuwa ba sa taɓa zama gaban likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin matakin farko suke zuwa, wurin likitan iyali ko nas ko jami'in lafiya, kuma ba kasafai suke zuwa da sunan damuwa ba. Wani rashin barci ne ya kawo shi. Wata ciwon kai ne da ya ƙi jin magani. Wani kuma kasala da ciwon jiki, an yi gwaji an sake yi ba a ga komai ba. Sai an zauna an bi diddigi da tambaya ake gano cewa makonni ke nan mutum ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, ya janye daga mutane, har ya fara ganin kansa a matsayin nauyi ga iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da wannan ciwo. Ke nan shawarar maganin da za a fara da shi, a wannan ƙaramin ɗakin ake yanke ta mafi yawan lokuta, cikin 'yan mintoci, ga kuma wasu marasa lafiya a waje suna jiran layi.

Magungunan sun haura 20, kuma asalinsu ba da niyya aka same su ba. A farkon shekarun 1950 likitoci suka lura cewa masu tarin fuka da ake ba iproniazid suna samun walwalar da ba a zata ba. A 1957 Roland Kuhn, wani likita a Suwizalan, ya wallafa abin da ya gani game da imipramine, wanda daga gidansa amitriptyline da sauran tsofaffin magungunan da ake kira TCA suka fito. Sai a ƙarshen 1987 Amurka ta amince da fluoxetine, wanda duniya ta sani da Prozac, shi ya buɗe ƙofa ga ajin SSRI, magungunan da ke aiki a kan serotonin, wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi: sertraline, paroxetine, citalopram da escitalopram. Bayansu venlafaxine da duloxetine suka zo, waɗanda ke taɓa serotonin da wani sinadari makamancinsa, noradrenalin, a tare. Akwai kuma masu zaman kansu irin su mirtazapine, bupropion, agomelatine da vortioxetine.

Kafin mu shiga kwatance, akwai wata magana da ake yawan faɗa wa majinyaci, wai serotonin ɗinsa ne ya yi ƙasa, maganin zai cike giɓin. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken da aka yi kan wannan, ba su sami hujja tsayayya cewa ƙarancin serotonin ne ke haddasa ciwon ba. Wannan bai nuna magungunan ba sa aiki ba, domin aikinsu a kan marasa lafiya ake auna shi, ba a kan bayanin da aka yi musu ba. Abin da ya nuna wa likita shi ne babu wani gwajin jini da zai ce masa wannan majinyacin sertraline yake buƙata, wancan kuma mirtazapine. Dole ya dogara da abin da gwaje-gwaje suka nuna da kuma abin da yake gani a jikin mutumin da ke gabansa.

Babban aikin da kowa ke komawa gare shi shi ne na Andrea Cipriani da tawagarsa daga Jami'ar Oxford, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018. Sun haɗa gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum 116,477, suka kwatanta magunguna 21 da juna da kuma ƙwayar wofi, wato ƙwayar da babu magani a cikinta. Abu biyu suka auna bayan kusan mako 8: mutum nawa ne alamun ciwonsu suka ragu da aƙalla rabi, da kuma mutum nawa ne suka bar shan maganin kafin lokaci. Duka 21 ɗin sun fi ƙwayar wofi. Amitriptyline ne ya zo a sama, reboxetine a ƙasa. Da aka dubi gwaje-gwajen da aka haɗa magani da magani kai tsaye, agomelatine, amitriptyline, escitalopram, mirtazapine, paroxetine, venlafaxine da vortioxetine suka ɗan yi gaba wajen ƙarfi. Ta fannin jurewa kuwa, agomelatine, citalopram, escitalopram, fluoxetine, sertraline da vortioxetine ne mutane suka fi iya ci gaba da sha, yayin da amitriptyline, clomipramine, duloxetine da venlafaxine suna cikin waɗanda aka fi gudu.

Jaridu sun ɗauki wannan jeri kamar sakamakon gasa, na ɗaya da na biyu da na ƙarshe. A ganina nan ne aka fi yin kuskure. Tazarar da ke tsakanin yawancin magungunan ƙarama ce ƙwarai, kuma masu binciken da kansu sun ce ingancin hujjar a kwatance da dama matsakaici ne ko ƙasa da haka. Sun kuma gano wani abu mai jan hankali: magani yakan fi nuna ƙarfi a lokacin da yake shi ne sabo a gwaji, idan ya tsufa aka mai da shi abin kwatance sai ƙarfinsa ya ragu. Kamfanonin magani ne suka ɗauki nauyin kusan kashi 78 cikin 100 na gwaje-gwajen. Tun a 2008 ma Erick Turner ya nuna yadda abin yake. Ya binciki gwaje-gwaje 74 da aka yi wa rajista a hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA. A lissafin hukumar kusan rabi ne kawai suka nuna magani ya yi aiki, amma wanda ya karanta mujallu zai ga kashi 94 cikin 100 sun nuna nasara, saboda waɗanda ba su yi kyau ba ko dai ba a buga su ba, ko an buga su an karkatar da sakamakon. Cipriani ya yi ƙoƙarin shigo da bayanan da ba a buga ba, kuma ya cancanci yabo a kan haka, amma duk wanda zai ɗora shawara a kan 'yar tazara tsakanin magani na 3 da na 7 ya kamata ya tuna da wannan tarihi.

Akwai kuma matsalar su wa aka gwada. Irin waɗannan gwaje-gwaje sukan cire mai ciwon zuciya, mai shan giya, mai tunanin kashe kansa, mai juna biyu, da wanda ke shan wasu magunguna da yawa. To ai waɗannan su ne cike da asibitin matakin farko. Shi ya sa binciken da aka yi a can ɗin ya fi mini daraja ko da ya fi ƙanƙanta. A 2001 Kurt Kroenke ya raba marasa lafiya 573 a asibitocin matakin farko na Amurka tsakanin paroxetine, fluoxetine da sertraline, aka bi su wata 9. Ba a ga bambanci ba. Binciken 2009 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwaje, wanda ya taƙaita ga matakin farko, ya nuna sai an ba mutum 7 zuwa 8 maganin SSRI kafin a sami mutum 1 da ya amfana fiye da yadda zai amfana da ƙwayar wofi. Kada a raina wannan adadi, magunguna da yawa da muke girmamawa ba su kai haka ba. Amma yana tuna mana cewa da yawa daga masu samun sauƙi, lokaci da kulawa da sa rai suna da kaso a cikin sauƙin nasu.

Sai babban binciken STAR*D na Amurka, wanda ya ɗauki mutum sama da 4,000 a cibiyoyi 41, 18 daga cikinsu na matakin farko. Kowa da citalopram ya fara. Kusan mutum 1 cikin 3 ne suka warware sarai a wannan zagaye. Waɗanda bai yi wa ba, aka sauya wa wasu zuwa sertraline, wasu bupropion, wasu venlafaxine. Mutum zai yi tsammanin wanda aka fitar daga ajin SSRI gaba ɗaya zai fi samun sauƙi a kan wanda aka koma ba shi ɗan'uwan maganin da ya gaza. Ba haka ta kasance ba: a kowane rukuni kusan 1 cikin 4 ne suka warware. An daɗe ana ambaton cewa bayan zagaye 4 kashi 67 cikin 100 sun warware, sai dai wani sabon nazari na 2023 da ya bi ƙa'idojin asali na binciken ya saukar da adadin zuwa kusan 35. Darasin zagaye na biyu bai canza ba dai: gazawar magani na farko ba ta nufin na biyu zai gaza, kuma ba lallai sai an tsallaka wani aji ba.

A Ingila an yi gwajin PANDA, aka buga a 2019, da mutum sama da 650 waɗanda likitocin iyali ba su da tabbacin ko magani zai amfane su. A mako na 6 sertraline bai rage alamun damuwa yadda za a ce a zo a gani ba, amma ya rage fargaba, kuma masu shansa sun fi cewa suna jin sun samu sauƙi. Wannan ya dace da abin da wani nazari na 2010 a mujallar JAMA ya nuna, cewa amfanin magani kan ƙaru ne gwargwadon tsananin ciwo. Don haka NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, a jagorarta ta 2022 ta ce kada a riƙa fara wa mai ƙaramin ciwo da ƙwaya sai in shi ya zaɓa, a fara da maganin tattaunawa, da motsa jiki cikin tsari, da komar da mutum kan ayyukan da ya watsar. Ga matsakaici da mai tsanani, magani yana da gurbinsa, kuma haɗa shi da tattaunawa ya fi. Takardar PHQ-9 mai tambaya 9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27, tana taimakawa wajen auna tsanani da kuma bin sauyi daga ziyara zuwa ziyara, muddin ba a mai da ita madadin sauraro ba.

Idan ƙarfin magungunan ya yi kusa da juna haka, ina bambancin yake? A illolinsu yake, kuma a nan ne ya kamata likita ya kashe mintocinsa. Magani kamar takalmi ne, komai kyansa in ya matse ƙafa a ƙarƙashin gado zai ƙare.

Ɗauki dattijo mai shekara 72, yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, fitsarin ma yana yi masa wuyar fita saboda kumburin furostet, ga shi ba ya barci. Wanda ya kalli jerin 2018 kawai zai ce amitriptyline, tunda shi ne na ɗaya kuma yana sa barci. Bayan mako guda za a dawo da shi baki ya bushe, bayan gida ya ƙi fita, fitsari ya tsaya, yana miƙewa jiri ya kwashe shi, wataƙila ma ya rikice ya daina gane mutane da dare. Faɗuwa ɗaya a wannan shekarun tana iya karya ƙugu. Idan aka koma SSRI ma akwai abin lura: yana iya saukar da sodiyam na jini, musamman ga tsofaffi masu shan irin wancan maganin hawan jinin, kuma alamunsa su ne kasala da ruɗewa, abin da za a iya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Shi ya sa yake da kyau a auna jini kafin a fara da kuma bayan 'yan makonni. Citalopram kuma yana taɓa tsarin bugun zuciya idan adadinsa ya yi yawa. A 2011 FDA ta kafa iyaka a miligiram 40 a rana, ga wanda ya haura shekara 60 kuma miligiram 20. Ga wannan dattijon, tambayar da za ta raba gardama mai sauƙi ce: "Baba, yaya cin abinci? Tufafinka sun yi maka yawa?" In ya rame, ba ya ci, ba ya barci, mirtazapine da dare yana iya zama daidai, domin illolinsa guda biyu, barci da buɗe ciki, su ne abin da yake nema. In kuma ya taɓa samun bugun zuciya, wato toshewar jijiyar jinin zuciya, sertraline ne aka gwada a kan irinsu a binciken SADHART na 2002 aka ga bai cutar da zuciya ba.

Wannan mirtazapine ɗin kuwa, ba shi ne za a miƙa wa mai ciwon suga da ke fama da ƙiba ba, ko direban da zai tashi da asuba ya kama hanya. Mai ciwon sugan da ƙafafunsa ke zogi da ƙuna saboda lalacewar jijiyoyi, duloxetine zai iya taɓa matsalolin biyu a lokaci guda. Mai son barin taba, bupropion yana da wannan amfanin, kuma ba ya sa ƙiba, amma haramun ne ga mai farfaɗiya, domin yana sauƙaƙa tashinta. Venlafaxine yana iya ɗaga hawan jini. Agomelatine, wanda ya fito da kyau a jerin ƙarfi da na jurewa na 2018, yana buƙatar a riƙa gwajin hanta, kuma ba a amince da shi a Amurka ba. Inda babu ɗakin gwaji a kusa, kyawun matsayinsa a takarda ba shi da amfani.

Akwai illar da na fi so a daɗe a kanta, domin ita ce aka fi yin shiru a kai. Magungunan SSRI da venlafaxine suna rage sha'awa, suna jinkirta biyan buƙata ko su hana ta, ga maza da mata. Ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba, kaso mai yawa na masu sha suna gamuwa da shi. Tashin zuciya da ciwon kai na makon farko kan wuce, wannan kuwa yakan zauna muddin ana shan maganin. Majinyaci ba zai ɗago maganar ba. Zai dai daina shan ƙwayar, ya daina zuwa, a rubuta cewa ba ya bin umarni. Alhali da likita ya ce tun ranar farko, "Malam, wannan maganin yana iya taɓa mu'amalarka da iyali. In ka ga haka kada ka daina sha da kanka, ka dawo ka gaya mini, akwai wanda za mu sauya," da an tsira da abubuwa da yawa, har da zaman lafiyar gida. Bupropion da mirtazapine ba su cika kawo wannan matsala ba. Paroxetine yana cikin waɗanda suka fi kawo ta.

Sai haɗuwar magani da magani, kuma a nan tambayar "me kake sha?" ba ta wadatar ba, domin mutane ba sa lissafa maganin ciwon jiki a cikin magunguna. SSRI tare da ibuprofen ko diclofenac ko aspirin yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, haka ma tare da warfarin, maganin hana jini daskarewa. Tramadol tare da SSRI yana iya tara serotonin fiye da kima, mutum ya kama rawar jiki, gumi, zazzaɓi da ruɗewa, kuma yana ƙara haɗarin jijjiga. Fluoxetine da paroxetine suna toshe wani sinadarin hanta da ke narkar da magunguna da dama, kuma shi ne ke mai da tamoxifen zuwa siffarsa mai aiki, don haka matar da ke shan tamoxifen saboda kansar mama a kauce mata waɗannan biyun. Sertraline da escitalopram ba su cika shiga hanyar wasu magunguna ba, wannan yana cikin dalilan da suka sa likitocin iyali da yawa ke fara da su. Tun a nazarin Cipriani na 2009, mai magunguna 12, su biyun ne suka fi daidaita tsakanin ƙarfi da jurewa. Ni ma da za a ce in zaɓi wurin farawa ga babban mutum da ba shi da wata larura ta daban, a tsakaninsu zan tsaya.

Ga mai juna biyu, abin da aka fi sani shi ne gargaɗin da FDA ta yi a 2005 kan paroxetine da lahanin zuciyar jariri a watannin farko. Ga mai shayarwa, sertraline kaɗan ne ke shiga nono. Amma mace da ke samun lafiya da maganinta, ta gano tana da ciki, kada ta yanke shi rana ɗaya don tsoro. Ciwon damuwa da aka bari ba magani shi ma yana da haɗari gare ta da abin da ke cikinta, shawara ce da za a zauna a yi tare da likita.

A ƙasashe da yawa duk wannan jerin zaɓi bai taso ba, magani biyu ne a kan shiryayye. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ta daɗe tana dogara da amitriptyline da fluoxetine. Tsakanin waɗannan biyun akwai bambanci ɗaya da ya rinjayi sauran. Amitriptyline idan aka sha shi da yawa a lokaci guda yana rikita bugun zuciya ya kashe, kuma abin da za a ba mutum na 'yan makonni ya isa yin haka. Muna ba da shi ne ga mutanen da ciwonsu da kansa ke kawo tunanin mutuwa. Don haka sai an yi tambayar kai tsaye, ba tare da kewaye-kewaye ba, ko mutum yana tunanin kashe kansa. Yin tambayar ba ya dasa tunanin. In akwai, fluoxetine ne, ko kuma a ba da kaɗan-kaɗan a hannun wani amintacce na gida. Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare: a rubuta amitriptyline miligiram 25 da dare a bar mutum a kai wata da watanni. Wannan adadin farawa ne, ko na ciwon jijiya. Na maganin damuwa yakan kai 75 zuwa 150. Mutum zai yi barci, baki ya bushe, ciwon kuma yana nan. Fluoxetine yana da wata fa'ida ta daban: yana daɗewa a jiki, abin da hanta ke mai da shi yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin rabinsa ya fita, don haka mantuwar kwana ɗaya ko yankewar magani na 'yan kwanaki ba ta girgiza mutum. Da safe ake shan sa, domin yana iya hana barci.

Tambaya ɗaya kuma ba a tsallake ta ko da wane magani za a bayar: ko mutum ya taɓa shiga wani yanayi na kwanaki da barci ya ƙaurace masa amma bai gaji ba, magana ta yi yawa, kashe kuɗi ya wuce hankali, yana jin babu wanda ya kai shi. Mai irin wannan tarihi ciwonsa na hawa da sauka ne, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya jefa shi cikin wancan yanayin. Wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne. Haka nan a duba maƙoƙo da ƙarancin jini da shan giya, domin suna iya sanya rigar damuwa. Ga matasa kuwa, FDA ta sa gargaɗi mafi girma a 2004 kan ƙaruwar tunanin kashe kai ga yara da 'yan ƙasa da 18 a farkon shan magani, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa shekara 24. A yara da matasa fluoxetine ne ke da hujja mafi ƙarfi.

Duk da tsawon abin da na faɗa kan zaɓi, na yi imani abin da ke biyo bayan rubuta takardar ya fi zaɓin tasiri. Illa takan zo a kwanakin farko, sauƙi kuma sai an yi mako 2 zuwa 4. Wanda ba a gaya masa haka ba zai sha kwana 5, ya ji zuciyarsa na tashi, fargaba ta ƙaru, ya yanke hukuncin maganin bai karɓe shi ba. NICE ta ce a sake ganin majinyaci cikin mako 2, ko mako 1 idan shekarunsa 18 zuwa 25 ne ko akwai fargabar ya cutar da kansa. In an yi mako 4 a kan adadin da ya dace ba a ga motsi ba, sai a tambaya ko ana sha kullum, sannan a yi tunanin ƙari ko sauyi. Game da ƙari, nazarin Toshi Furukawa na 2019 ya nuna amfanin SSRI yana hawa ne har zuwa kwatankwacin miligiram 20 zuwa 40 na fluoxetine, daga nan ya tsaya, illa kuma ta ci gaba da hawa. Ɗora magani kan magani ma ba kullum yake biya ba. Gwajin MIR na Ingila a 2018 ya ƙara mirtazapine a kan SSRI ko makamancinsa ga mutum 480 da maganin farko bai yi wa ba, ba a sami amfani mai ma'ana ba, illa ce ta ƙaru. Magani biyu sun gaza bayan an sha su yadda ya kamata, lokacin tura mutum gaba ya yi.

Wanda ya samu sauƙi kuma, ba ranar zai ajiye ba. NICE ta ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan warwarewa, jagorar mhGAP ta 2016 kuma ta ce wata 9 zuwa 12. Gwajin ANTLER na 2021 ya ɗauki mutum 478 a asibitocin likitocin iyali na Ingila, waɗanda ciwon ya sha dawo musu, suka daɗe a kan magani kuma suna jin sun isa su bari. Cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda aka janye wa magani, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma duka gaskiya ne: ci gaba da sha yana kārewa, amma sama da mutum 4 cikin 10 sun bari lafiya lau.

A wurin bari ne zaɓin ranar farko ke dawowa ya nemi hakkinsa. Paroxetine da venlafaxine suna fita daga jiki da sauri, su ne suka fi wahalar ajiyewa, wasu ma mantuwar rana ɗaya ta isa su ji a jikinsu. Wannan kaɗai ya sa ba na ganin dalilin fara wa sabon majinyaci da su alhali akwai waɗanda suka yi daidai da su a ƙarfi. Wani nazari na 2024 a Lancet Psychiatry ya nuna kusan kashi 31 cikin 100 na masu barin magani suna samun alamun janyewa, a kan 17 na masu barin ƙwayar wofi, kuma kusan 3 cikin 100 nasu kan yi tsanani. Hanyar ita ce a rage sannu a hankali cikin makonni ko watanni, kuma matakan ƙarshe su fi na farko ƙanƙanta, domin daga ɗan ƙaramin adadi zuwa babu ne jiki ya fi jin sauyi. Dole kuma likita ya iya bambance janyewa da dawowar ciwo, in ba haka ba zai mai da mutum kan magani shekaru babu dalili. Alamun janyewa cikin 'yan kwanaki suke zuwa bayan an rage, da jiri, da tashin zuciya, da mafarkai masu firgitarwa, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai, kuma sukan lafa da wuri idan aka koma adadin baya. Dawowar ciwo kuwa a hankali take shigowa, bayan makonni, da irin alamun da suka kawo mutumin asibiti tun farko.